Mutum goma anka tara, kai ɗaya ya yi tunani

Akwai wani taro da ake yi bayan an tashi taro, kuma wallahi shi ne na gaskiyar. Duk wanda ya taɓa zama kwamitin masallacin unguwa, ko mitin ɗin dangi kan gado ko auren wata ɗiya, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ya san abin da nike nufi. A ciki an baza tabarmi, Alhaji ya buɗe da addu'a sannan ya ce to jama'a ni dai ga abin da nike gani, a ba wane aikin rijiyar burtsatsen nan tunda ɗan gida ne, sai Malam na kusa da shi ya ce Alhaji kamar ka shiga raina, na gefe ya ce hakanan ne, saura su gyaɗa kai, a ce akwai mai ƙarin bayani? Tsit. A shafa fatiha. To tsaya bakin ƙofa inda ake laluben takalma ka kasa kunne. Wanga ya ce "ni fa raina bai kwanta da yaron ga ba, wadda ya haƙa can wajen Mabera ko shekara ba ta yi ba ta ƙafe." Wancan ya ce "ashe kai ma ka ji? Ƙanena ya yi mishi aiki har yau bai biya shi ba." Na uku ya ce shi dama kuɗin da anka faɗa sun yi mishi yawa. Mutum goma sunka zauna, bakwai na da ja a zuci, amma takardar sakatare ta ce kowa ya amince, kuma ba ƙarya ta yi ba tunda ba wanda ya buɗe baki ya ce a'a.

Mun tashi muna jin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ni ban da ja da wannan. Abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda za a tara mutane masu hankali, waɗanda kowannensu in ka same shi shi kaɗai a zaurensa zai ba ka shawarar da za ka yi ta godiya, amma in sunka haɗu sai su fito da abin da ko ɗaya cikinsu ba zai yi da kuɗin aljihunsa ba. Wanga ba jahilci ba ne, don a jami'a ma ana yi, a majalisar dokoki ana yi, a fadar shugaban Amurka ma an yi.

Bari in fara da inda yawa ke da amfani don kar a ce na zo rushe shawara. A 1906 wani masani Bature mai suna Francis Galton ya je baje kolin dabbobi a garin Plymouth na Ingila, ya iske ana gasa, an ɗaure wani bijimin sa, kowa ya biya 'yan kuɗi ya rubuta a takarda nauyin da yake ganin namansa zai yi in an yanka an feɗe. Akwai mahauta da manoma cikin masu cankan, akwai kuma 'yan kallo da ba abin da sunka sani kan shanu. Da anka gama ya karɓi takardun, guda 787, ya jera su daga ƙarami zuwa babba ya ɗauki na tsakiya, sai ya faɗa wajen kilo 547. Nauyin gaskiya kilo 543 ne. Taron da da yawa cikinsa ba gwanaye ba ya kusa bugawa daidai. Amma duba sharaɗin da ya sa haka, kowa shi kaɗai ya rubuta nashi bai leƙa takardar na kusa da shi ba, shi ya sa wanda ya zarce da wanda ya gaza kuskurensu ya cinye juna. Yanzu ɗauko gasar nan ka kawo ta Kara, kasuwar dabbobi, ka ce Sarkin Fawa shi fara faɗin nashi da baki a gaban kowa. Wa zai kawo adadin da ya yi nesa da nashi? Ka tara mutum ɗari bakwai amma ƙiyasin mutum ɗaya ka samu, in ya dace an dace, in ya kauce ba mai maido shi hanya.

Wanda ya fara auna ƙarfin abin nan a fili shi ne Solomon Asch, a farkon shekarun 1950 a Amurka. Gwajin nashi har dariya yake ba mutum don sauƙinsa. A shigo da ɗalibi ɗaki ya iske wasu mutum bakwai ko takwas zaune, bai san duk an haɗa baki da su ba. A nuna kati mai zane ɗaya a tsaye, a nuna wani mai zane uku, a ce wanne ne tsawonsa ɗaya da na farkon? Abin da ɗan firamare zai faɗa ba tare da ya yi tunani ba, don in anka ba mutum shi kaɗai kuskuren bai kai ko ɗaya cikin ɗari. Ana zagayawa kowa na faɗa da baki, shi kuma an ajiye shi kusa da ƙarshe. Zagaye na ɗaya da na biyu kowa ya faɗi daidai, can sai na farko ya faɗi wanda ƙiri-ƙiri ba shi ba ne, na biyu ya maimaita, na uku, na huɗu, duk fuska a sake ba alamar wasa. Ga shi an zo kanka. Cikin zagaye 18, a 12 anka yi wannan haɗin baki, kuma kusan mutum uku cikin kowane huɗu sun bi taron aƙalla sau ɗaya, in ka haɗa amsoshin gaba ɗaya kuwa sama da kashi ɗaya cikin uku bin taro ne. Da anka tambaye su daga baya wasu sun ce sun ga gaskiyar, ba su dai son su zama saniyar ware, wasu kuma sunka ce sun fara zargin idonsu ne.

To waɗannan fa baƙi ne ga juna. Ba surukin mutum cikin ɗakin, ba limamin unguwarsu, ba wanda ya biya mishi kuɗin makaranta, gobe ba za su haɗu wajen suna ko jana'iza ba. Mu kuwa a nan duk wanda za ka musa wa a taro za ka bi shi sallar asuba, ko shi ne waliyyin matarka, ko wajensa kake karɓar kaya bashi a Tsohuwar Kasuwa. Ga kunya, ga kara, ga tsoron a ce ɗan wane bai da tarbiyya. Ban raina waɗannan ba ko kaɗan, su ne sunka riƙe zumuncinmu har yau. Amma suna da farashi, kuma farashin shi ne a'a ta yi tsada ƙwarai a bakin ƙarami, shiru kuma kyauta ne, sai kowa ya zaɓi na kyauta, shi kuma mai jagorantar taron ya lissafa shirun nan cikin masu goyon baya.

Ba kullum ne tsoro ke sa bin yawa ba, akwai wata hanya ta biyu wadda ta fi wuyar kamawa don kama da hankali take yi. Ka zo baƙo gari da dare, ga masu tsire biyu, ɗaya mutane sun yi mishi cincirindo ɗayan na korar ƙuda, wajen wa za ka? Kowa zai ce mai jama'a, kuma ba laifi, ka ɗauka sun san abin da ba ka sani ba. Matsalar ita ce mai yiwuwa na farkon da ya tsaya don ya fi kusa da inda ya aje babur ne, na biyu ya ga na farko, na uku ya ga biyu, daga nan kowa ya aje abin da hancinsa ke gaya mishi ya bi ƙafa. Layin mutum talatin, amma hujjar da ke ƙarƙashinsa ta mutum ɗaya ce, ita ma ba ta tsire ba ce. Ga tsire asarar ba ta wuce ɗari biyar. Ga kuɗin gado ko jarin shago fa?

Haka MMM, tsarin zuba kuɗin nan na intanet, ta yi tashe a 2016 da alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, amma mi ne ne gargaɗin banki a gaban abokin aikinka da ya nuna maka alat a wayarsa? Wanda ya shiga bai binciki komi ba, hujjarsa ita ce Malam wane da ya fi ni ilimi yana ciki, shi kuma Malam wane hujjarsa wani Dakta. A Disamban shekarar anka rufe asusun mutane, daga baya hukumar inshorar ajiyar banki NDIC ta ce kimanin mutum miliyan uku sun yi asarar wajen naira biliyan 18. Sai ka ce kan mage ya waye, ina, a Afrilun 2025 CBEX mai cewa za ta ninka ma mutum kuɗinsa cikin kwana 30 ta kife da dukiyar jama'a. Pi kuma, kuɗin intanet ɗin nan, nata salon daban ne tunda ba kuɗi anka ce ka zuba ba, latsa waya ne kullum, amma nan ne na ga yadda taro ke rufe kansa da kansa. Wasu sunka kafe cewa ƙwaya ɗaya za ta yi dala 314,159, har ana tsara motar da za a saya da unguwar da za a koma, kuma duk wanda ya ɗauko kalkuleta cikin guruf ɗin WhatsApp ya ce jama'a ku ninka wanga adadi da yawan Pi ɗin da ke hannun mutane ku gani ko akwai wannan kuɗi a duniya, sai a ce mahassadi ne, admin ya cire shi. Da anka buɗe kasuwarta a Fabrairun 2025 ta ɗan taɓa wajen dala uku sannan ta sauko ƙasa da dala ɗaya. Cire mai musu ɗin nan shi ne babban abin, don duk sanda anka fitar da ɗaya, waɗanda sunka rage sun ƙara zama masu ra'ayi guda, sai su ƙara jin ai ga shi kowa ya yarda.

Mu dai a Sakkwato ba sai mun je intanet ba, albasa ta isa ta karantar da mu. Shekarar da ta yi tsada, buhu ya yi kuɗin da ba a taɓa ji ba, duk fadama daga Kware zuwa Wurno zuwa Goronyo sai kowa ya ce bana albasa, har mai shuka tattasai da mai alkama su juya, a ci bashin iri da taki da man injin ban ruwa. Lokacin cira kuma duk ta fito tare, motoci su yi layi, dillali ya taya yadda ya ga dama, wanda bai da rudu ko halin ajiya dole ya sayar ko ta ruɓe a hannunsa. Kowane manomi in ka zauna da shi lissafinsa daidai ne, farashin bara ya duba. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne dubban da sunka duba farashin nan guda sunka yanke abu guda. A nan kam ina yi wa manomi uzuri, ba wanda ke gaya mishi kadada nawa anka shuka a jiha, ido kawai gare shi da gonar maƙwabci. Waɗanda uzurinsu ya fi ƙaranci su ne 'yan boko da ma'aikata da sunka ga hatsi ya yi tashin gwauron zabo a 2024, kowa ya kwashi kuɗi ya sayi masara da gero da shinkafa ya tula a sito don wane ma ya tula, alhali gwamnati ta riga ta sanar tun Yulin shekarar cewa ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Farashi ya karye a 2025, da yawa ko uwar kuɗi ba su fitar ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba, bin yawa inshora ce daga zargi. In ka bi jama'a kunka faɗi tare, za a ce ƙaddara ce, shekarar ce ta zo da haka, a yi ma juna jaje, mutuwar yawa kaka ce. In ka ware kai kaɗai ka faɗi, sunanka mai taurin kai, har matarka sai ta tuna maka an gaya maka. In ka ware kuma ka yi nasara ba lalle a yafe maka ba, don ka nuna saura sun yi kuskure. Wanda ya auna ukun nan a ransa zai ga kuskure cikin taro ya fi arha bisa gaskiya shi kaɗai, shi ya sa ma'aikacin ofis ke sa hannu kan takardar da ya san ba daidai take ba tunda ya ga hannu biyar a samansa.

Sai maganar manya, kuma nan nike son in yi a hankali. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne a sha'anin rayuwa, aure, zama da mutane, sanin halin wane da asalin rigimar gidan wane. Amma akwai abin da yaro ne ke tsaye a kansa, shi ya taɓa shi da hannunsa, babba kuwa labari ya ji. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai sunka mutu har da wata malamar makaranta. A daren jajibiri injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun faɗa ƙarara cewa kar a tashi, don akwai wasu zobban roba da ke toshe mahaɗar rokar waɗanda in sanyi ya yi yawa suke sandarewa su bar wuta ta fita, kuma safiyar an yi hasashen sanyin da ba a taɓa harba kumbo cikinsa ba. Jami'an NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, sunka nuna ba su ji daɗi ba tunda an riga an ɗaga tafiyar ba sau ɗaya ba, sai manyan kamfanin sunka ce a ba su 'yan mintoci, sunka yi shawara tsakaninsu, har anka ce ma shugaban injiniyoyin ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Sunka dawo sunka ce a tashi. Da anka tambaya ko akwai mai ja, ba wanda ya yi magana. Wani abin da ya ƙara kwantar musu da hankali shi ne a tafiye-tafiyen baya an sha ganin zobban sun ɗan ci wuta kuma an dawo lafiya, sai abin da ya kamata ya tada hankali ya koma ai kullum haka ake yi. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa ranar kasuwa a yankinmu, ya ga an loda mutane da buhuna da babura har ruwa na lasar baki, ya duba fuskokin mutane ya ga ba wanda ya damu shi ma ya gyara zama, ya san wannan ai kullum haka ake yi ɗin. Kowa cikin jirgin na jin tsoro, kowa na ɓoyewa don ya ga na kusa da shi bai nuna ba.

Wani zai ce to ai amfanin zama a tattauna ke nan, kowa ya kawo abin da ya sani. A 1985 wasu masana biyu, Garold Stasser da William Titus, sun gwada wannan. Sunka ba ƙananan ƙungiyoyi bayanan 'yan takara su zaɓi wanda ya fi, amma sunka rarraba bayanan yadda wasu kowa ya san su, wasu kuma mutum ɗaya ne kawai ke riƙe da su, kuma sai an haɗa na ɓoyen ne za a gane wanda ya fi cancanta. Mafi yawan ƙungiyoyin sun kasa, don lokacin ya ƙare wajen nanata abin da kowa ya riga ya sani. Kuma in ka duba dalilin a bayyane yake, in ka faɗi abin da kowa ya sani kawuna ke gyaɗawa ka ji daɗi, in ka kawo abin da kai kaɗai ka sani sai a yi maka kallon daga ina kuma wannan. Ka tuna binciken aure a gidajenmu, kowa na maimaita ɗan gidan mutunci ne, yana da aiki, yana sallah, gwaggo guda da ta ji wani abu daga maƙwabtansu ta haɗiye don kar a ce ita ta hana ɗiyar ɗan'uwanta aure.

Mafi muninsa shi ne wanda ba a zauna ba ma balle a yi shawara. A Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, mutane sunka yi ca da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, sama da mutum 150 sunka rasu, kuma ko wata huɗu ba a yi ba anka sake irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Talauci na ciki ba musu, amma ba wanda bai san fetur da wuta ba, abin da ke cire tsoron shi ne ganin wasu na ɗiba ba abin da ya same su. Haka ihun ɓarawo a kasuwa, na goma da ya ɗauki dutse bai san mi anka sata ba, bai ma san ko an yi satar ba. Da anka kashe mafarauta 16 'yan arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025 duk mun ga zaluncin a fili don namu ne anka yi ma, mun tambaya ina bincike, ina hukuma. Tambayar nan ba ta canzawa in taron namu ne a garinmu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ba wai ba mu da magani a gida ba. A littattafan sira, ranar Badar, da Manzon Allah (SAW) ya sauka da runduna a wani wuri, Hubab bin Munzir ya tambaya cikin ladabi, wanga wuri wahayi ne da ba mu da ikon gaba ko baya, ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi? Da anka ce mishi dabara ce sai ya ce to ba nan ya kamata ba, mu matsa ga rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, kuma anka tashi anka bi shawararsa. Dubi yadda ya raba abin da ba a ja da shi da abin da ake ja da shi, mu kuwa yau mun haɗe su, ra'ayin Alhaji kan wanda za a ba kwangila ya koma kamar nassi. A nan gida kuma ga Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, wanda wajajen 1807 ana tsakiyar nasara ya duba ya ga da yawa cikin jama'a sun karkata ga mulki da dukiya da dawaki, bai gyaɗa kai ba, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, sai a Kano anka roƙe shi ya tsaya, ya rubuta musu littafi kan yadda shari'a ta ce a yi mulki sannan ya komo. Muna alfahari da sunansa, amma da yau ne wani ya yi haka cikin ƙungiya ko jam'iyya da tuni an ce an saye shi.

Sai dai ban yarda da masu cewa maganin shi ne kowa ya yi jarunta ya faɗi gaskiya ba, wanga magana ce mai daɗi a baki da ke ɗora kaya kan wanda ya fi kowa rauni a ɗakin. Boisjoly ya faɗi gaskiya, ya maimaita ta gaban kwamitin bincike, abokan aikinsa sunka juya mishi baya har ya bar kamfanin. Gyaran na hannun wanda ke saman tabarma ne. John Kennedy ya koyi wannan da tsada, a Afrilun 1961 ya amince da shirin CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, na tura 'yan gudun hijirar Kuba kimanin 1,400 su kifar da Fidel Castro, cikin kwana uku anka murƙushe su anka kama sama da dubu, alhali cikin mashawartansa akwai masu shakka da sunka yi gum, ɗaya daga cikinsu Arthur Schlesinger daga baya ya rubuta yadda ya yi ta zargin kansa kan shirun da ya yi a zaman. Kan irin wanga ne masanin halayyar ɗan Adam Irving Janis ya gina nazarinsa a 1972. Da rikicin makamai masu linzami na Kuba ya taso a Oktoban 1962, Kennedy ya canza salo, wani zaman da gangan ba ya shiga don mutane su yi gardama ba tare da suna karanta fuskarsa ba.

Ba abu ne mai wuya a kwaikwaya ba. Alhaji ya riƙe ra'ayinsa sai ƙarshe, a fara da wanda ya fi kowa ƙanƙanta a ɗakin a hau sama. In maganar kuɗi ce ko zaɓen mutum a yaga takarda kowa ya rubuta nashi a ninke kafin a buɗe baki, a gwajin Asch ma da anka bar mutum ya rubuta amsarsa a ɓoye bin taron ya ragu sosai. A daina tambayar akwai mai ja, don ba mai amsa ta, a nuna mutum a ce wane, kai ka san aikin ga, gaya muna ta inda zai iya lalacewa, ka ga yanzu umurni ya bi ba rashin kunya ya yi ba. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki cikin binciken Asch, in anka sa mutum ɗaya tak cikin 'yan haɗin bakin ya faɗi daidai, bin taron na faɗuwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake. Ba sai rabin ɗaki ba, mutum ɗaya. To amma a taronmu wa ke iya zama wannan ɗayan ba tare da ya biya da mutuncinsa ba? Sai sa'an Alhaji, abokin wasansa, ko wani dattijo da ba ya cin komi a hannunsa, kuma irinsu ne sau da yawa ba a gayyata zaman, don an san halinsu, za su ja taron da ya kamata a gama kafin la'asar har magariba.